Buga wa Ƙungiya Riguna da Dutsen Guga: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar taro ya ƙarato, saukar karatu ce a Islamiyya, ko haɗuwar tsofaffin ɗalibai bayan Sallah, ko gasar ƙwallon unguwa, sai maganar rigar anko mai sunan ƙungiya ta taso. Na daɗe ina yi wa mutane wannan aiki, tun ina yi da dutsen guga a tsakar ɗaki har na samu injin matse zane, kuma tambayoyin da ake kawo mini ba sa wuce waɗannan na ƙasa. Na rubuta su ne musamman domin wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a aka ce ya fito da riguna. Rigar da nake nufi ita ce mai gajeren hannu da ke ɗan talewa, wadda muke kira tishat.

Wai wace irin takarda ce ake buga zanen riga a kanta, kuma ta yaya zane ke barinta ya koma jikin riga?

Takarda ce da aka shafe fuskarta ɗaya da siririyar roba. A kan robar firinta ke zuba tawada. Idan aka ɗora ta a kan riga aka danna da zafi, sai robar ta narke ta shiga tsakanin zaren yadin, ta tafi da tawadar. Da ta huce sai ta daskare a nan. Abu uku ke sa ta kama: zafi, nauyi, da lokaci. Duk rigar da na ga zanenta ya ɓare, idan na bincika, ɗaya daga cikin ukun nan aka tauye, kuma galibi nauyin ne.

Mun je saye an ce akwai ta farar riga akwai ta baƙar riga. Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma a nan mutane suka fi yin asara.

Firintar gida ba ta da farar tawada. Duk inda kuka ga fari a hoton da ta buga, farin takardar ne kawai. Takardar farar riga robarta garau take, ana ganin abin da ke bayanta. Saboda haka duk wurin da yake fari a zanenku, launin rigar ne zai bayyana a wajen. A kan farar riga komai zai fito tas. A kan ruwan toka mai haske ko ruwan madara, launukan za su ɗan sauya amma za a gane su. A kan baƙa ko shuɗiya mai duhu kuwa, zanen zai nutse gaba ɗaya, sai dai ku ga wani ƙyalli inda robar ta kwanta.

Ita kuwa ta baƙar riga, robarta fara ce fat, mai ɗan kauri. Ana buga zanen a kanta, a ɓare ta daga takardar baya kamar sitika, a shimfiɗa a kan riga zanen yana kallon sama. Wannan ya sa duk farin da kuka bari a gefen zane zai fito a jikin rigar. Dole a bi gefen zanen da almakashi a yanke shi daidai. Shi ya sa nake ba masu baƙar riga shawara su sa zanensu cikin da'ira ko murabba'i, domin yanke zagayen haruffa ɗaya bayan ɗaya a riga arba'in aiki ne da zai cinye muku kwanaki.

Akwai kuma bambancin ji a jiki. Ta farar riga tana shigewa cikin yadi, bayan wanki biyu ko uku da ƙyar hannu zai ji ta. Ta baƙar riga a sama take zama, iska ba ta ratsa ta. Idan kuka cika ƙirjin riga da ita a watan Afrilu, mai rigar zai ji gumi yana taruwa a daidai wajen. Ku rage girmanta gwargwadon hali.

Da gaske ne sai an juya rubutun baibai kafin a buga?

A takardar farar riga, e. Kifa ta ake yi a kan rigar, don haka sai an juya zanen kamar yadda madubi ke nuna shi, sannan zai fito daidai. A takardar baƙar riga ba a juyawa, tunda a buɗe ake shimfiɗa ta. Ku fara bugawa a takardar A4 ta yau da kullum, ku tsaya da ita gaban madubi. Idan madubin ya karanta muku daidai, juyin ya yi. Idan akwai rubutun ajami ko Larabci, a ba wanda ya iya karanta shi ya duba, domin wanda bai iya ba ba zai gane an juya ko ba a juya ba.

Kowace firinta za ta yi?

Yawancin takardun da ke kasuwa na firinta mai ruwan tawada ne, irin su Epson, Canon da HP na gida. Kada ku kuskura ku sa irin wannan takarda a firintar leza ko injin fotokwafi. Waɗannan da zafi suke aiki, robar za ta narke a cikinsu ta manne, gyaran kuma ya fi kuɗin rigunan. Akwai takarda ta musamman ta leza, a jikin kwalin ake rubutawa. Idan shagon kwamfuta za ku kai a buga muku, ku tambayi mai shagon irin firintarsa tun kafin ku sayi takardar.

Tawadar ma iri biyu ce. Akwai mai narkewa a ruwa kamar shuni, ita ce a yawancin ƙananan firintoci masu tanki. Launinta na da kyau a ido, amma tana saurin koɗewa, wani lokacin ma ta ɗan zuba a wankin farko. Akwai kuma mai ƙwayoyin launi da ake kira figimen, wadda ta fi jure ruwa da rana. In kun samu mai ita, ita za ku zaɓa. Bayan an buga, a bar takardar ta sha iska kamar rabin awa, kada a jera su a kan juna tawada ba ta bushe ba.

Wace irin riga ya kamata mu saya?

Auduga zalla, ko wadda audugarta ta fi yawa. Ita ke ɗaukar zafin da takardar ke buƙata ba tare da ta ƙone ko ta yi ƙyalli ba. Ku duba lakabin wuya, amma kada ku dogara da shi kaɗai, ku taɓa yadin. Mai santsi da sanyi kamar leda, roba ta yi mata yawa. A kauri, mai nauyin giram 160 zuwa 180 a kowane murabba'in mita na yadi ta wadatar. Wadda ta yi ƙasa da haka sosai tana nuna singileti, kuma wuyanta ba ya daɗewa yake saki. Riga mai kwala da saƙarta ke da ƙananan ramuka tana ba dutsen guga wahala, domin robar ba ta samun shimfiɗaɗɗen wurin kwanciya.

Ku sayi duka a wuri ɗaya, rana ɗaya, daga dila ɗaya. Wanda ya saba shiga Kantin Kwari ya san fari ma kala-kala ne, wani ya ja shuɗi, wani ya ja ruwan madara. Ba za ku lura ba sai an jeru ɗaukar hoto. Ku ƙara uku ko huɗu a kan adadinku, domin gwaji da kuskure da wanda zai zo a makare.

Kuma a wanke su kafin a buga, ba sitati, ba ruwan laushin kaya. Sabuwar riga na zuwa da wani sinadari daga masaƙa da ke hana roba kamawa, sannan auduga na ɗan tsukewa a wankin farko. Idan ta tsuke bayan an manna zane, sai zanen ya tattare. Na san wanke riga hamsin da shanya su wahala ce, amma a raba wa mutum biyar, kowa goma.

Me za mu kula da shi wajen zanen kansa?

Na farko, ingancin hoto. Hoton da ya yi ta yawo a WhatsApp an matse shi, a waya yana da kyau, a riga kuwa sai ya fito dishi-dishi. Ku nemi asalinsa, kuma a turo shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Masu zane a CorelDRAW ko Canva su fitar da shi a girman da za a buga, da ɗigo 300 a kowane inci.

Na biyu, girma. Takardar A4 santimita 21 ce a faɗi, 29.7 a tsawo, ita ce iyakarku. Ga ƙirjin babba wannan ya isa. Ƙaramin tambari na gefen hagu kuwa faɗin santimita 8 zuwa 10 ya yi, kuma shida za su shiga takarda ɗaya. Ƙungiyar da kuɗinta bai da yawa, wannan ce hanyarta, kuma a ganina ya fi kamala a jikin dattijo fiye da ƙaton hoto.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai: haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan kuka rubuta "Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai", ko dai harafin ya zama ɗan akwati, ko kwamfutar ta aro shi daga wani salon ya fito daban da 'yan'uwansa, siriri a tsakiyar masu kauri. Sai mai shago ya ce a cire lanƙwasar kawai, ai za a gane. Kada ku yarda. Riga ce da za a sa a gaban jama'a, yara su karanta. Ƙasa ba kasa ba ce, ɓari ba bari ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. Akwai salon rubutu kyauta da ke ɗauke da su duka, irin su Noto Sans, Andika da Charis SIL. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu ke rubuta 'y, su ma za su same ta a ciki. Idan za a kai zanen wata kwamfuta, a mayar da shi PDF ko hoto tukuna, domin salon da babu shi a can zai sauya da kansa.

Sannan a ba mutum biyu da ba su suka rubuta ba su karanta, harafi bayan harafi, har da shekara da lambar waya. Idon wanda ya rubuta abin da ke ransa yake gani.

Za mu iya sa aya ko hadisi? Tambarin kulob ɗin da muke goyon baya fa?

Aya da sunan Allah, shawarata a bar su. Riga ce da za a shiga bayan gida da ita, a jiƙa ta cikin baho ɗaya da sauran kaya, in ta tsufa ta zama tsumma. Makarantun Islamiyya da na yi wa aiki sukan tsaya ga sunan makaranta, shekarar sauka da hoton allo, kuma yana kyau ƙwarai. Tambarin kulob ko na kamfani kuwa mallakar masu shi ne, ko Kano Pillars ce ko Arsenal. Buga shi a sayar shiga haƙƙin wani ne. Ban da haka ma, ƙungiyarku ta cancanci nata tambarin, ko da sunanta ne kawai cikin da'ira.

To yaya ake gugar kanta?

Ku manta da teburin guga mai soso. Laushinsa na shanye nauyin da kuke dannawa. Ku nemi wuri mai tauri kuma shafaffe, ƙasa-ƙasa yadda za ku iya hawa kansa da ƙarfin kafaɗa: benci mai ƙwari, ko faffaɗan katako a kan daɓen siminti. A shimfiɗa rigar filo guda ɗaya a kai, a goge ta ta kwanta. Gilashi da tebur na roba ba sa yi.

A zubar da ruwan cikin dutsen gugar tas, a kashe tururi. A kai shi maki na auduga, wato ɗigo uku, wanda zafinsa ke kaiwa wajen digiri 200. A bar shi minti biyar ya ɗauki zafi sosai. A fara goge wajen da zanen zai zauna na 'yan daƙiƙoƙi domin danshi ya fita, musamman da damina. Da hunturu kuma a kaɗe ƙura da zare-zaren da ke mannewa, domin duk abin da ya shiga ƙarƙashin roba ya zauna ke nan.

Don gano tsakiya, a ninka rigar biyu a tsaye, kafaɗa kan kafaɗa, a ɗan danna layin da dutse. Ita ma takardar a ɗan lanƙwasa bakinta sama da ƙasa a tsakiya, a haɗa da layin. Daga bakin wuya a auna yatsu huɗu, kamar santimita 7 zuwa 8, nan saman zanen zai fara. Na yara yatsu biyu zuwa uku. Ni kwali nake yankawa daidai wannan awo, in riƙa ɗora shi a kowace riga, domin duka su zo layi ɗaya.

Sai dannawa. Wannan ba gugar kaya ba ce da ake zarya da hannu ɗaya ana hira. Hannu biyu za ku sa, ku sauke nauyin jikinku a kai, ku tsaya wuri ɗaya daƙiƙa 15 zuwa 20, ku ɗaga, ku matsa gaba kaɗan yadda sabon wurin zai hau kan na baya. Dutsen da ke da ramukan tururi a ƙasansa yana barin ɗigo-ɗigon da ba su samu zafi ba, don haka a zagaye na biyu a sauya masa fuska. Gefe da kusurwa su suka fi buƙatar kulawa, daga nan ɓarewa ke farawa. Cikakkiyar A4 takan ci minti biyu zuwa uku. A kan takardar baƙar riga dole a rufa takardar da ke zuwa cikin kwalin, ko takardar gasa kek, kafin dutse ya taɓa. In babu ita zanen zai manne a ƙasan dutsen nan take.

Ɓare takardar baya kuma ya danganta da irinta. Wata da zafinta ake cirewa, wata sai ta huce. Abin da kwalin ya ce shi za a bi, haka ma a lokaci da zafi, ko da ya saɓa da abin da na faɗa a nan. A fara daga kusurwa a hankali. Idan kuka ga zanen na biyo takardar, ku mayar ku ƙara danna wajen.

Ba mu da tsayayyiyar wuta. Dutsen gawayi zai yi? Janareta fa?

Dutsen gawayi na da abu biyu masu kyau: nauyi, da shafaffen ƙasa marar ramuka. Matsalarsa ba a san zafinsa ba. Yanzu ya yi yawa ya ƙona farar riga ta yi ja-ja, bayan minti goma kuma ya yi sanyi. Ga toka da tartsatsi. Wanda hannunsa ya saba da shi, irin masu wanki da guga, zai iya fitar da riga biyar ko goma masu ƙaramin tambari, yana gwada zafin a kan tsumman auduga kafin kowace riga. Riga arba'in masu babban zane kuwa ba za su fito iri ɗaya ba.

Dutsen lantarki na jan wat 1000 zuwa sama. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba, kuma ko ya ɗauka, wutar da ta yi rauni ba ta kai dutsen zafin da ake so, sai ku yi ta dannawa a banza. Ku nemi babba, ko ku shirya komai, yankakku kuma jerarru, yadda da an kawo wuta sai dannawa kawai.

Dole ne sai mun yi gwaji? Lokaci ya ƙure mana.

Dole ne. Wannan ita ce amsar da ba na sassautawa a kanta.

Akwai shekarar da wata makarantar Islamiyya ta ba ni rigunan yara masu sauka. Takardar da na saba da ita ta ƙare, na sayi wata a wani shago, kwalinta ba suna ba bayani, mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Na buga duka a dare ɗaya, suka yi kyau abin sha'awa. Kwana biyu kafin bikin wata uwa ta wanke ta ɗanta saboda ya zuba mata miya. Da yamma sai ga ta a ƙofar gida da rigar a hannu, yaron na biye da ita. Sunan makarantar ya tattare ya koma gefe guda kamar fatar madara, shuɗin tawadar ya bi farin yadin. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, kuɗin nan da ƙyar muka haɗa shi." Yaron kuwa rigar kawai yake kallo. Na sake sayen riguna da kuɗina, na kwana biyu ban runtsa ba. Riga ɗaya da wanki ɗaya da sun nuna mini wannan tun ranar farko.

Ku buga guda ɗaya. Ku bar ta kwana ɗaya cur. Ku wanke ta yadda mutanenku ke wanki, da hannu da omo, ku shanya, ku sake wankewa. Ku ja yadin ta gefe biyu ku ga ko zanen zai tsage. Idan ta tsira, ku ci gaba da sauran da takarda ɗaya, dutse ɗaya, lokaci ɗaya. Wannan na nufin ku fara aiki aƙalla mako biyu kafin taro.

'Yan ƙwallo ne mu, muna son suna da lamba a bayan jesi.

Takardar firinta ba ta dace da wannan ba. Abin da ake amfani da shi roba ce mai launi ɗaya da ke zuwa a naɗe, masu aikin na ce mata binil ko fileks. Ba a buga mata tawada, yanka ta ake yi da inji irin Cricut ko Silhouette, ko manyan injinan yankan sitika da ke shagunan masu allon talla. Lamba mai girma ma ana iya yanka ta da almakashi in an zana ta a kwali. Ita ma baibai ake yanka ta. Ta fi takarda ƙarko nesa ba kusa ba, kuma zafinta bai kai na takarda ba: irin ta kamfanin Siser da aka fi sani digiri 150 take so, daƙiƙa 10 zuwa 15. A dutsen gida wannan ya yi daidai da ɗigo biyu zuwa sama kaɗan.

Jesi roba ce, zafi mai yawa na sa ta ƙyalli ko ta narke, don haka a rufa ƙyallen auduga ko takardar gasa kek. Sannan jar jesi da mai ruwan hoda na da wata ɗabi'a: rininsu na tashi da zafi ya ratsa farar lamba, bayan kwana biyu sai ku ga ta koma ja-ja. Akwai robar da aka yi musamman don tare wannan, ita za ku tambaya.

Riguna nawa ne za a ce sun fi ƙarfin dutsen guga?

Ku yi lissafi. Yanka, aunawa, dannawa da hucewa, kowace riga na cin kamar minti goma. Riga 40 minti 400 ke nan, kusan awa bakwai, kuma mai dannawa ba zai yi riga ta talatin da ƙarfin da ya yi ta farko ba. A ganina daga 10 zuwa 25 aikin gida ne mai daɗi, mutum uku su raba: mai yanka, mai aunawa, mai dannawa. Daga nan zuwa sama ku nemi mai injin matsewa ku biya shi kuɗin dannawa kawai. Injin na riƙe zafi ɗaya da nauyi ɗaya, yana gama riga cikin ƙasa da minti ɗaya.

Akwai kuma hanyar da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, ana ce mata DTF. Shago ne zai buga muku zanen a kan leda ta musamman, da farar tawada a ƙarƙashi da garin gam, ku karɓa a mita. Ba yanka gefe, tana hawa kowane launin riga, auduga ko roba, kuma ta fi takardar gida jure wanki. In akwai mai yi a garinku, ku tambayi farashi kafin ku sayi takarda. Idan kuma riguna sun haura hamsin, zane ɗaya, launi ɗaya ko biyu, bugun raga da fenti, wato sikirin, shi ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi daɗewa. Wanda kuma ake kira sabilimeshan na farar riga ce ta roba kaɗai, ba ya kama auduga.

Matan ƙungiyarmu hijabi suke sawa, zanen ba zai fito ba. Mene ne mafita?

A tambaye su tun kafin a sayi komai. Wasu sun fi son ƙaramin tambari a jikin hijabin, ta gefen ƙirji ko can ƙasa ta baya. Sai dai yadin hijabi yawanci roba ne marar kauri, ba ya son zafi, don haka binil ko DTF a zafi kaɗan, bayan gwaji a bakin ƙyalle. Wasu ƙungiyoyin 'yar shara marar hannu suke ɗinkawa a ɗora a kan hijabi. Jakar yadin auduga mai tambari ma ta yi, ita ce ma ta fi komai sauƙin bugawa.

Yaya za mu tattara girman kowa ba tare da rigima ba?

Kada ku tambayi mutum girmansa a waya. L na wannan kamfani M ne a wancan. Ku sayi ɗaya-ɗaya daga kowane girma, ku kawo wajen taro kowa ya gwada, a rubuta sunansa da girmansa da abin da ya biya a takarda ɗaya da kowa zai gani. A tsayar da ranar rufewa. A cikin kuɗin a sa na rigunan gwaji, takardun da za su lalace, tawada da man janareta, domin su ne ke sa mai riƙon kuɗi ya ƙare da cikawa daga aljihunsa.

Yaya za a wanke ta ta daɗe?

Kwana ɗaya bayan bugu kafin ruwa ya taɓa ta. A juya ta baibai, ruwan sanyi, ba bilic, ba jiƙawa ta kwana. Kada a cuɗa daidai zanen ko a sa masa buroshi, kada a murɗe ta da ƙarfi. A shanya ta a juye, a inuwa in da hali, domin ranarmu na cin launi. Wajen guga ta baya za a bi, dutse kada ya taɓa zanen. In za a kai wa mai wanki a faɗa masa wannan baki da baki. Ni nakan rubuta waɗannan a 'yar takarda in saka cikin ledar kowace riga.

Ku kuma gaya wa mutanenku gaskiya: zanen takardar gida ba ya zama har abada. Da kulawa zai yi wanki da dama, amma a hankali zai koɗe, na baƙar riga kuma ya fara tsattsagewa.

Gefen zanen ya fara ɗagowa. Ko kuma farar rigar ta yi rawaya a zagayensa.

Ɗagowa ƙarancin nauyi ne ko zafi. A rufa takardar gasa kek a sake danna wajen daƙiƙa 15 zuwa 20 da ƙarfi, yawanci yana komawa. Rawaya kuwa zafi ne ya yi yawa ko aka daɗe a wuri ɗaya. Mai sauƙi kan fita a wanki, wanda ya kai ga ƙuna ba ya fita. Idan abin da kuke gani wani fili ne mai ɗan ƙyalli a zagayen rubutu, wannan robar da ba a yanke ba ce. A rigunan gaba ku yanka kusa da zanen, ku bar kamar milimita 3, ku kuma zagaye kusurwoyin kada su yi tsini.

Mun manna ɗaya a karkace. Za a iya cirewa?

Binil kan fita idan aka zafafa shi ta cikin rigar aka ja a hankali, ko da yake yakan bar sawun gam. Na takardar baƙar riga ma wani lokacin yana ɓaruwa haka. Na farar riga kuwa ya riga ya shige zare, ba ya fita. Ku ajiye wannan rigar, bayanta da hannayenta duk wurin gwaji ne a aiki na gaba.

Takardun da suka rage fa?

A mayar da su ledarsu a rufe bakin, a ajiye a kwance cikin durowa, nesa da rana da danshi. Wadda ta sha iskar damina takan lanƙwashe ta maƙale a firinta, tawada kuma ta baje a kanta. Ku ajiye fayil ɗin zanen a wuri biyu, ku rubuta a jikin ledar irin rigar da kuka saya, makin da kuka sa dutsen, da mintin da kowace riga ta ci, domin wanda za a ba aikin baɗi.